Oba-oba, Mai Sim, DECT ko Bajon Wi-Fi: Wanne Ya Dace da Aikinka a Maraɗi?

Mai mangaza a kusa da babbar kasuwa, da shugaban asibitin kuɗi a unguwar Zariya, da mai kamfanin gadi da ya baza mutane a ƙofofi goma, buƙatarsu ɗaya ce: ma'aikaci ya yi magana da abokin aikinsa nan take, hannuwansa biyu suna kan aiki. Salula ba ta biya wannan buƙata. Sai an ciro ta daga aljihu, a nemo lamba, a jira ta shiga, kuma mutum ɗaya take kira. Shi ya sa ake neman ƴar na'urar da za a maƙala a ƙirji, ko a rataya a wuya, ko a sa a ƙugu da abin kunne.

Iri huɗu ne a gaban mai saye. Akwai oba-oba da kowa ya sani. Akwai mai kama da ita amma da sim take aiki, wadda ake rubuta wa PoC a kwali. Akwai DECT, dangin wayar ofis marar igiya. Sai bajon magana da ke hawa kan Wi-Fi, irin wanda manyan asibitocin Amurka ke amfani da shi. A ido sun yi kusa da juna, amma hanyar da murya ke bi ta sha bamban, kuma daga nan ya kamata zaɓi ya fara. Ka ƙirga abubuwan da tilas su kasance suna aiki tsakanin bakin mai magana da kunnen mai saurare. A oba-oba batir biyu ne kawai. A DECT batir biyu ne da akwatin uwa da ke haɗa su. A bajo sai an haɗa da akwatunan Wi-Fi, da kebul, da akwatin rarrabawa inda kebul ɗin ke haɗuwa, da kwamfutar da ke haɗa kira, da wutar da za ta riƙe su duka. A mai sim kuwa akwai hasumiyar kamfanin waya, da layin intanet da ke fita ƙasar waje, da wata kwamfuta a Turai ko Asiya, da datar da ba ta ƙare ba. Wanda ya ga yadda wuta ta yi wuya bayan Najeriya ta yanke layin da take ba Nijar a Agustan 2023, har zuwa Maris na 2024, ya san wannan ƙirgen ba wasa ba ne.

Oba-oba da abin kunne

Murya na tashi daga eriya zuwa eriya kai tsaye. Babu sim, babu data, babu ruwanta da rezo. A cikin gari da gine-gine mai aiki a zangon rediyo na UHF ce ta fi, wato tsakanin megahaz 400 da 470, domin ta fi ratsa ƙofofi da lunguna. VHF, daga 136 zuwa 174, ta fi dacewa da fili, kamar gona ko garke a daji.

Nisan da ake rubutawa a kwali, kilomita 10 ko 16, kada ya ruɗe ka. Lissafin iyakar da igiyar rediyo ke kaiwa kafin doron ƙasa ya tare ta sananne ne. Mutum biyu a tsaye, kowa da eriya a tsayin mita ɗaya da rabi, iyakarsu wajen kilomita 10 ne a fili fetal da babu gini ko itace. A cikin Maraɗi, tsakanin katangun siminti da rumfunan kwano, abin da za ka dogara da shi mita 500 ne zuwa kilomita 2. Ƙarin ƙarfi ba ya gyara wannan sosai: a cikin gari, ko ka ninka ƙarfin sau huɗu, nisan ba ya ƙaruwa da rabi. Tsayi ne ke gyarawa. Idan aka ɗora na'urar ƙara nisa, wato rele, a kan ƙarfe mai tsayin mita 25, lissafin ya haura kilomita 25, kuma ko an cire abin da gine-gine ke ci, ta rufe garin.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi yawa a hannun mutane ita ce Baofeng BF-888S, mai tasha 16 da batir na volt 3.7. Tana da araha, kayan gyaranta ba sa wuya, amma tana zuwa da zangon da masana'anta ta zuba mata, kuma yana iya faɗawa kan na wata hukuma. Sai an sake tsara ta da kebul da kwamfuta, da manhaja irin CHIRP. Kafin nan ma akwai batun izini. ARCEP ce ke rabon zangon rediyo a Nijar, ita ke ba da izinin kafa rezo na kai, ita ke amincewa da na'urorin da ake shigowa da su. Ƙananan da ake kira PMR446, masu rabin wat da eriyar da ba ta cirewa, dokar Turai ce ta yafe musu lasisi, saboda haka kada ka ɗauka yafiyar ta biyo su cikin kwali, ka tambayi ARCEP tukuna. A jihar da ke fama da ƴan bindiga a bakin iyaka, direban da aka samu da oba-oba ba takarda a hanyar Ɗan Isa ko wajen Madarunfa zai sha tambayoyi a shingen jami'an tsaro, kuma suna da hujja. Kwafin izinin ya zauna a cikin kowace mota.

Sirri babu shi a irin ta da. Lambar da ake sa wa tasha, CTCSS, tana hana ka jin maganar wasu ne kawai, ba ta hana su jin taka. Duk yaron da ke da irinta yana iya zama a bakin titi ya ji ana cewa an ɗauko kuɗin ciniki za a kai banki. Wanda ke son sirri sai ya hau zuwa DMR, tsarin dijital da hukumar ETSI ta Turai ta fitar a 2005. Yana raba tasha ɗaya mai faɗin kilohaz 12.5 gida biyu, ƙungiya biyu su yi magana a lokaci guda, kuma manyan samfuran Motorola da Hytera suna da kulle murya na AES. Kuɗinta ya ninka na ƙaramar sau da yawa.

Abin da ke mayar da oba-oba ta sawa a jiki shi ne abin kunne mai makirufo a wuyan riga, kuma shi ne ke fara mutuwa. Ka duba kansa da kyau. Na Baofeng da Kenwood ƙafa biyu ne, babba mai milimita 3.5 da ƙarama mai 2.5. Na Motorola ma ƙafa biyu ne amma tazararsu da jerinsu daban, idan aka tura da ƙarfi sai ramin ya lalace. Wayar takan tsinke ne daidai inda ta fito daga kan, domin nan take lanƙwashewa duk lokacin da mutum ya sunkuya. A zagaya ta ta bayan riga, a maƙale ta a kafaɗa, a kuma sayi guda biyu ga kowace na'ura tun farko. Saiti biyu ke raba rigima a wurin aiki. A kashe VOX, wato abin da ke buɗe magana da jin sauti, domin ƙarar injin niƙa ko ta babbar mota za ta riƙe tashar. A kuma sa iyakar magana ta sakan 60, saboda ranar da mai gadi zai zauna a kan madanni bai sani ba, kowa ya kasa shiga.

Mai sim

Nan muryar tana zama data, ta hau rezon Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom ko Niger Telecoms, ta je kwamfutar kamfanin da ya sayar maka da hidimar, ta dawo ga duk ƴan ƙungiya. Amfaninta a bayyane yake: nisa ya daina zama matsala. Mai mangaza yana Maraɗi, motarsa tana Tasawa ko Ƙonni ko ta kusa Yamai, danna ɗaya ya ishe su. Ba a neman zangon rediyo na kai. Galibinsu suna nuna inda kowa yake a taswira, suna ajiye muryar da aka yi, abin da ke da amfani ranar da aka yi gardama kan wa ya ce a sauke kaya. Hytera da Inrico suna yin ƙanana da ake maƙalawa a ƙirji. Mai son gwaji ba tare da sayen komai ba yana iya sa manhajar Zello a salular Android, ya haɗa ta da ɗan madannin Bluetooth.

Data ba ta da yawa. A ce murya na tafiya da kilobit 16 a sakan: kilobait 120 ke nan a minti, a ƙaddara 200 idan an haɗa da abin da rezo ke ƙarawa. Awa guda ta magana da saurare a rana mega 12 ce, a kwanakin aiki 26 ta kama mega 300 da ɗoriya. Mega 500 a wata ta wadatar da na'ura ɗaya har da taswira. Inda data ke zurarewa shi ne na'urar da ke da cikakken Android aka bar ta a buɗe, tana sabunta manhajoji da kanta, ko ma'aikaci ya mayar da ita ta kallon bidiyo. A kulle ta a kan manhajar magana kaɗai. A kuma sa ranar sabunta data ta zama ɗaya ga duka, a hannun mutum ɗaya, domin sim ɗin da datarsa ta ƙare ba ya ƙara, shiru kawai yake yi, sai an neme shi a rasa.

Kafin ka biya, ka nemi jerin zangon 4G da na'urar ke kamawa. Wadda aka yi wa kasuwar Amurka tana zuwa da lambobi irin 2, 4, 12 da 13, alhali a Afirka da Turai an fi aiki da 1, 3, 7 da 20. Idan ba su dace ba sai ta koma 2G ko ta ƙi kamawa sam, kuma a 2G murya na makara, tana yankewa. Ka tambayi kamfanin da za ka sa sim ɗinsa wane zango yake amfani da shi a Maraɗi, ka gwada da takardar na'urar. Mai gurbin sim biyu ta fi, a sa na kamfanoni daban.

Rauninta shi ne duk abin da ya taɓa intanet ya taɓa ta, ko da masu maganar suna tsakar gida ɗaya. A ƙarshen Fabrairun 2021 an rufe intanet ta salula a Nijar har kwana goma. Ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyin ƙarƙashin teku guda huɗu sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, Nijar na cikin ƙasashen da suka ji a jika duk da ba ta da teku. Ranakun salla da na babban taro ma rezo kan cushe. Ga kuma iyaka: da mota ta wuce Ɗan Isa ta nufi Jibiya, sim ɗin Nijar ya bar gida, sai an tanadi na Najeriya a gurbi na biyu. Sannan akwai kuɗin hidima na wata ko na shekara a kan kowace na'ura, wanda ake biya da kuɗin waje. Ka tambayi mai sayarwa tun a kanti: idan na daina biyan ku, na'urar za ta yi aiki da wata manhaja, ko ta zama kwalliya?

DECT, wadda ake mantawa da ita

Wannan tsari ne na Turai tun 1992, yana da zangonsa na kansa daga megahaz 1880 zuwa 1900, inda Wi-Fi da Bluetooth ba sa shiga. Akwatin uwa ɗaya yana kai kamar mita 50 a cikin gini, mita 300 a fili. Fifikonsa biyu ne. Mutum biyu suna magana a lokaci guda kamar a waya, ba sai ɗaya ya saki madanni ba. Kuma uwar ba ta cin wuta, ƙasa da wat 10 take ja, ƙaramin batir ya riƙe ta dare da rana. Akwai masu kama da ƙaramar salula da ake maƙalawa a aljihu, irin na Gigaset, Yealink da Snom, kowace da lambarta. Akwai kuma na sawa a kai gaba ɗaya, da makirufo a gaban baki, irin na Hollyland da Eartec, waɗanda masu ɗaukar bidiyon biki da masu shirya taro ke so domin duk ƙungiyar tana jin juna ba tare da danna komai ba. Idan gini ya fi ƙarfin uwa ɗaya, ana jera da yawa a haɗa su da kebul, kira ya riƙa tsallakawa daga wannan zuwa waccan ba a ji ba, kuma wannan tsallaken DECT ta fi Wi-Fi iya shi nesa ba kusa ba.

Tarko ɗaya ne babba. Wadda aka rubuta wa DECT 6.0 ta Amurka ce, tana aiki daga 1920 zuwa 1930, daidai cikin zangon da salula ke aika wa hasumiya a 3G. Za ta dami rezon unguwa, rezon ma ya dame ta. Kayan gwanjo da ke zuwa daga can sukan zo da ita. A duba bayan akwatin uwar kafin a saya.

Bajon Wi-Fi

Shi ne ya fi burgewa. Kamfanin Vocera na Kalifoniya, wanda aka kafa a 2000 kuma kamfanin kayan asibiti na Stryker ya saye shi a 2022 kan kusan dalar Amurka biliyan 3, shi ya yi suna da shi. Samfurinsa B3000n bai kai giram 60 ba. Malamar asibiti tana taɓa madanni sau ɗaya, ta faɗi sunan wanda take nema ko aikinsa, kira ya tafi, ta ci gaba da ɗaura ƙarin ruwa da hannu biyu. Ana iya haɗa shi da ƙararrawar gadon majinyaci da wayoyin ofis. Babu ɗaya cikin sauran ukun da ke yin wannan duka.

Sai dai bajon kansa shi ne ƙaramin ɓangaren aikin, kamar sayen doki ne, kuɗin yana wajen ciyarwa. Wi-Fi ɗin da ya ishi WhatsApp bai ishi murya ba. Saƙo yana iya jiran sakan biyu ba wanda ya lura, amma murya tana son jinkirin da bai wuce milisakan 150 ba, da asarar da ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. Ƙa'idar da masu girka shi ke bi ita ce ƙarfin sigina ya kai -65 dBm a duk inda mai bajo zai taka, har matattakala da makewayi da ɗakin ajiyar magani. Lambar tana da alamar ragi, saboda haka -75 ta fi -65 rauni, kuma ba kaɗan ba: duk ragin 3 rabin ƙarfi ne ya tafi, ragin 10 kuwa kashi ɗaya cikin goma ya saura. Katangar siminti ɗaya tana iya cin 10 zuwa 15. Katangar laka mai kauri tana ci, ta kuma ƙara ci da damina idan ta sha ruwa. Ɗakin hoton ƙashi da aka lulluɓe da darma ba ya bari komai ya shiga. Jikin mutum ma ruwa ne galibinsa, bajo kuma a ƙirji yake, don haka da mai shi ya juya wa akwatin Wi-Fi baya sigina ta faɗi. Shi ya sa awon da aka yi da kwamfuta a hannu yakan yi ƙarya. A yi shi da bajon a rataye a wuyan mutum, ƙofofi a rufe, in mangaza ce kuma tana cike. Wurin da aka auna a watan Yuli yana wayam, idan kaka ta yi aka jera buhunan wake da gyaɗa har rufi, ya zama wani wuri daban.

A ƙiyasi, akwatin Wi-Fi ɗaya yana ɗaukar murabba'in mita 250 idan don murya ne. Gini mai murabba'in mita 3,000 yana son kamar 12, a manne a rufi, ba a ɓoye a bayan kabad ba. Da'irar kowane ta shiga ta maƙwabcinsa da kashi 15 zuwa 20, domin mai tafiya ya kama na gaba kafin ya saki na baya. Wannan tsallaken ne ke kawo yawancin koke: mutum na tsaye murya garau, da ya fara tafiya a baranda sai ta yanke sakan biyu, ko ya ji su su ba sa jin sa. Maganinsa akwatunan su zama na kamfani ɗaya a ƙarƙashin mai kula ɗaya, a kunna tsarin saurin tsallake na 802.11r idan bajon ya san shi, a ware wa murya sunan Wi-Fi nata, a ba ta fifiko da saitin da ake kira WMM. Ƙananan akwatunan gida da aka tsinto ɗaya-ɗaya daga kasuwa ba za su yi ba. A zangon gigahaz 2.4 tasha uku ce kawai ba sa taka juna, 1 da 6 da 11, kuma duk mai jinya da ya kunna rabon intanet a salularsa ya shigo cikinsu. Gigahaz 5 ya fi sarari, amma bai kai wancan ratsa bango ba, sai a ƙara akwatuna. Wata matsala da ke rikita masu gyara: kiran mutum ɗaya yana tafiya, kiran ƙungiya ba ya zuwa. Wannan kusan kullum daga akwatin rarrabawa ne, ba a buɗe masa hanyar aika murya ɗaya ga mutane da yawa ba.

Yadda ake gina asibitoci a nan ma yana ƙara aiki. Ɓangaren haihuwa daban, na yara daban, ɗakin tiyata daban, da fili a tsakani. Filin yana son akwatunan waje masu jure rana. Kebul na jan ƙarfe ba ya wuce mita 100, kuma bai kamata ya tsallaka daga gini zuwa gini ba, domin tsawa ɗaya ta damina tana iya bin sa ta ƙone akwatunan ɓangarorin biyu. Tsakanin gine-gine igiyar gilashi ake sawa.

Ga lissafin wuta. Akwatuna 12, kowane kamar wat 13 ta cikin kebul, wat 156 ke nan. Ƙara akwatin rarrabawa da kwamfutar haɗa kira, ka kusa wat 280. Idan NIGELEC ta ɗauke na awa 8, ana buƙatar wat-awa 2,240. Batirin darma mai volt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da 2,400, amma rabi kawai ake ja idan ana son ya yi rai. Biyu ke nan a ƙalla, uku idan aka lissafa abin da inbata ke ci, da farantan sola da za su mayar. Injin wuta shi kaɗai bai isa ba, domin a ƴan sakan da yake ɗauka kafin ya tashi komai ya mutu, kuma akwatunan suna ɗaukar mintoci kafin su dawo.

Saura harshe. Na'urar da ke sauraron umarni ba ta jin Hausa, kuma sunayenmu suna ba ta wahala, balle a ɓangaren da ke da Amina uku da Nana biyu. Sai a tsara kira da aiki: ungozomar da ke kan aiki, mai ɗakin magani, direban motar asibiti. Bajon kuma a fili yake magana. Sakamakon gwajin jinin wani zai fito a gaban ƴan dubiya idan ba a sa abin kunne ba, ko ba a koya wa ma'aikata su fara da “kina wurin da zan yi magana?” ba. Kowane bajo ɗaruruwan dalar Amurka ne, ga lasisin manhaja, ga kayan gyara da sai an yi odarsu daga waje. Wanda ba shi da ma'aikacin rezo na dindindin da kwangilar gyara a rubuce, ya haƙura da shi.

Zafi da ƙura

Nan dukansu huɗu suke haɗuwa. Batirin litiyom ba a cajinsa idan zafinsa ya wuce digiri 45, kuma a Afrilu da Mayu inuwa ma tana haura 40 a Maraɗi. Na'urar caji da aka ajiye a ɗakin mai gadi mai rufin kwano, ko a gaban gilashin mota, ita ke kumbura batir. A yi caji da dare ko a ɗaki mai iska, a bar wanda ya dawo daga rana ya huce rabin awa. Irin wannan batir yana ba da caji 300 zuwa 500 kafin ya fara sanyi, wato shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi ga mai caji kullum, don haka wadda ake cire batirinta da hannu ta fi wadda aka manne. Awannin da ake rubutawa a kwali an auna su ne da kashi 5 magana, kashi 5 saurare, kashi 90 jira. Mai kula da lodi a tashar mota ya ninka wannan magana, batirinsa ba zai kai la'asar ba sai da na canji.

A kan kwali ka nemi IP da lamba biyu. Ta farko ƙura ce: 5 tana rage shigarta, 6 ta hana gaba ɗaya. Ta biyu ruwa ce: 4 fantsama, 7 nutsewa mita ɗaya na rabin awa. Aikin ofis IP54 ta isa, aikin waje a hunturu IP67. Idan murya ta fara shaƙewa, ka haska ragar lasifika da tocila. Maganaɗisun da ke ciki yana jawo garin ƙarfe, musamman a gareji da wurin walda, za ka gan shi ya taru baƙi kamar gashi. Busasshen buroshin haƙori ke fitar da shi, ba allura ba, domin allura tana huda fatar lasifikar. Ƴan ƙarafan caji na ƙasa a goge su da auduga da alkol duk mako. A asibiti a goge jikin na'urar da tsumma mai ɗan danshi, kada a tsoma ta a ruwan jabel.

To wa zai ɗauki wanne?

Masu gadi, mangaza, wurin gini, makaranta, tashar mota, duk wanda mutanensa ke cikin kilomita ɗaya ko biyu: oba-oba UHF da izini. Idan ana ambaton kuɗi a cikinta, DMR mai kulle. Mai motoci a hanya ko shaguna a unguwanni daban: mai sim, da gurbi biyu, amma a bar oba-oba ko da huɗu a aljihun tebur saboda ranar da rezo ya tafi. Otal, kantin magani, asibiti mai gado 20 zuwa 50, ofis mai hawa biyu: DECT, kuma a ganinmu ita ce mafi yawan masu sha'awar bajo ke buƙata ba su sani ba, domin tana ba da kiran mutum ɗaya cikin sirri da kuɗi kaɗan da wuta kaɗan. Bajon Wi-Fi na babban asibiti ne da ya riga ya mallaki rezo mai kyau saboda wasu ayyuka, murya ta zo ta hau kai.

Yawan da za a saya ana ƙirga shi da masu aiki a lokaci guda, ba da duk ma'aikata ba. Mutum 30 da ke karɓa-karɓa sau uku suna buƙatar na'ura 10, da 2 na ajiya, da batir biyu ga kowace idan aikin dare da rana ne, da abin kunne na kowa da kansa saboda tsabta. Kuɗi kuma a lissafa na shekara uku: saye, da izini ko hidimar wata, da data, da canjin batir sau biyu, da kuɗin duwan idan odar waje ce.

Kada ka biya kuɗin duka kafin gwaji. Ka karɓi guda biyu, ka zana wurinka a takarda, ka sa alama a wurare goma mafi wuya: ƙuryar mangaza ta baya, bayan tankin ruwa, cikin kwantena, ƙofar waje. Mutum ɗaya ya tsaya a ofis, ɗaya ya zagaya yana karanta lambobi daga 1 zuwa 20 yana tafiya, na ofis yana rubuta waɗanda bai ji ba. A maimaita da tsakar rana lokacin da aiki ya kankama, a sake da dare bayan an kashe babban makunnin wuta da gangan. Idan lamba ta farko ce kawai ke ɓacewa a oba-oba ko mai sim, na'urar lafiya take, mai magana ne ke fara faɗa kafin layi ya buɗe, sai a koya masa ya danna, ya jira sakan ɗaya, sannan ya yi magana da tazarar yatsu huɗu daga makirufo. Idan kuwa lambobin tsakiya ne ke faɗuwa a wuri ɗaya kowane zagaye, wurin ne ba sigina, kuma mai sayarwa ya rubuta a takardar ciniki yadda zai rufe shi, da rele ko ƙarin uwa ko ƙarin akwati, da wanda zai biya.